Tambayoyi da amsoshi kan zaɓen furosesa da RAM don AutoCAD, Revit da SolidWorks

Masu zanen gine-gine, injiniyoyi, safiyoyi da ɗaliban da ke koyon wannan sana'a a Abuja kusan tambayarsu ɗaya ce, sai dai kowa da yadda yake furta ta: ga kuɗi a hannu, wace kwamfuta zan saya wadda ba za ta riƙa cijewa a tsakiyar aiki ba? An tattara a nan tambayoyin da suka fi maimaituwa kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, da RAM, wato ma'ajin da take riƙe aikin da ake ciki, domin a kan waɗannan biyun aka fi yin sayen da-na-sani. Inda aka ce "ƙwaya", ana nufin ƙananan injinan lissafi da ke cikin furosesa guda, waɗanda mai shago kan ce maka shida ne ko goma sha huɗu.

Malam, an nuna mini Xeon mai ƙwaya 14 da Core i5 mai ƙwaya 6, kuɗinsu ya yi kusa. AutoCAD da Revit nake yi. Wacce zan ɗauka?

In Xeon ɗin tsohuwa ce irin E5-2690 v4, i5 ɗin kuma irin 12400 ce ko wadda ta biyo bayanta, ɗauki i5 ɗin ba tare da waiwaye ba.

Dalilin yana cikin yadda manhajojin zane suke aiki. Idan ka matsar da bango a Revit, sai manhajar ta fara lissafa sabon wurin bangon, sannan ƙofar da ke jikinsa, sannan faɗin ɗakin, sannan lambobin awo da jadawalin da suka dogara da su. Kowane mataki yana jiran na gabansa. Kamar ginin bulo ne: ko magina ashirin ka tara, ba a ɗora layi na tara kafin na takwas ya zauna. Haka SolidWorks yake idan yana sake gina wani sashe daga jerin matakan da aka bi aka ƙera shi, haka AutoCAD yake a yawancin umarninsa. Ƙwaya ɗaya ce ke ɗauke da nauyin, sauran suna zaune. Saboda haka abin da zai sa ka ji kwamfuta tana amsa maka nan take shi ne saurin ƙwaya ɗaya.

Ita E5-2690 v4 ta fito a 2016, gudunta na asali 2.6 GHz ne, iyakarta 3.5. Ita kuwa i5-12400 ta 2022 ce, tana kaiwa 4.4 GHz, kuma a kowane bugu ɗaya tana yin aikin da ya fi na tsohuwar yawa, saboda an sake fasalin cikinta sau da dama a tsakanin waɗannan shekaru. Wannan batu na biyu shi ne mutane suka fi mantawa: 3.5 GHz na 2016 da 3.5 GHz na yau ba ɗaya ba ne. Kamfanin Autodesk da kansa, a sharuɗɗan AutoCAD na 'yan shekarun nan, abin da yake ba da shawara shi ne gudun asali daga 3 GHz zuwa sama, da gudun ƙoli daga 4 GHz.

To ke nan yawan ƙwayoyi ba shi da amfani?

Yana da shi, a aikin da ake iya rabawa kamar gayyar noma, kowa ya kama kunyarsa. Rendarin da furosesa ke yi, wato fitar da hoton gini kamar na gaske a Corona ko V-Ray ko KeyShot, yana cinye duk ƙwayar da ya samu, kuma ninka ƙwayoyi kan kusan rage lokacin da rabi. Gwajin ƙarfin gini ko gudanar iska da ruwa a Ansys da SolidWorks Flow Simulation shi ma yana amfana, haka haɗa hotunan jirgi marar matuƙi su zama taswirar fili a Pix4D ko Metashape, aikin da safiyoyin da ke auna filaye a bayan Kuje da Gwagwalada suka sani sarai. ETABS da makamantansa suna tsaka-tsaki: sashen warware lissafin kan yi amfani da ƙwayoyi da dama, shirya modal ɗin da duba sakamako kuwa ƙwaya ɗaya ce.

A ganinmu, wanda zane da modal ne aikinsa na yau da kullum, ƙwaya 6 zuwa 8 masu sauri sun ishe shi. Wanda yake rendarin da furosesa kowane mako ya nemi 12 zuwa 16. Threadripper Pro mai kaiwa ƙwaya 96 da manyan Xeon W na ofishin da gwaje-gwajen lissafi ne abincinsa, kuma shi ma ya fara duba lasisinsa, don wasu manhajojin gwaji suna ƙayyade yawan ƙwayoyin da kuɗin lasisinka ya ba ka damar amfani da su.

Ta yaya zan gane abin da ke jan ƙafar kwamfutar da nake da ita yanzu?

Kafin ka kashe ko kwabo, yi wannan. Buɗe fayil ɗin da ya fi ba ka wahala, danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Shiga Performance, danna CPU, sannan ka danna dama a kan zanen ka sauya shi ya nuna kowace ƙwaya a akwatinta daban. Koma ka yi abin nan da ke sa ta cijewa, kana kallo.

Idan akwati ɗaya ko biyu ne suka cika, sauran na ƙasa, saurin ƙwaya ɗaya ne matsalarka. Kada jimillar da ke sama ta ruɗe ka: a furosesa mai akwati 16, guda ɗaya da ya cika maƙil kashi 6 cikin ɗari kawai zai nuna, sai mutum ya ce ai furosesarsa hutawa take yi, alhali ita ce ta tsayar da shi. Idan duka suka cika, ƙarin ƙwayoyi zai taimaka. Daga nan duba Memory. In abin da ake amfani da shi ya haura kashi 85, ko lambar farko ta Committed ta wuce yawan RAM ɗin da ke cikin injin, Windows ya fara aron wuri a faifai, kuma ko SSD mafi sauri bai kama ƙafar RAM ba. Nan ƙarin RAM ne magani. In kuwa Disk ne ke tsaye a 100 kuma tsohon faifai mai juyawa ne a ciki, sa SSD tukuna, mai yiwuwa a nan maganar za ta ƙare.

Ai i7 ce, in ji mai sayarwa. Wannan bai isa ba?

Bai isa ba. Sunan i7 ya fi shekara goma sha biyar ana liƙa shi a kan furosesoshi iri-iri. Lambar da ke biye ita ce labarin. A i7-4790, 4 ɗin farko zubi na huɗu ke nan, wato fitowa ta huɗu a jerin furosesoshin Core, na 2014, ƙwaya huɗu. A i7-8700 zubi na takwas, ƙwaya shida. A i7-12700 zubi na 12. Akwai ma i7-7500U ta laftof, wadda ƙwaya biyu kacal gare ta, kuma har yau ana tallarta da sunan i7 a shagunan kayan hannu.

Harafin ƙarshe shi ma magana ne. A laftof, U na nufin mai tsimin wuta, wat 15 ko kusa da haka. H wat 45. HX ta fi haka. A kwamfutar tebur, K tana gudu sama kuma tana shan wuta sama, T an rage mata ƙarfi zuwa wat 35 don ƙananan akwatuna, F kuma ba ta da sashen hoto a cikinta, dole sai da katin girafik daban, in ba haka ba allo ba zai kawo ba.

Daga zubi na 12 Intel ta raba ƙwayoyinta gida biyu: manya masu ƙarfi, da ƙanana masu tsimi. In aka ce i7-13700K tana da 16, takwas ne manya, takwas ƙanana. Zanenka a kan manyan yake tafiya, ƙananan sai a rendarin da ayyukan bayan fage suke taimakawa. A ɓangaren AMD, na tebur ba su da wuyar karantawa: 5000, 7000, 9000, kowane ya fi na baya sabunta. Na laftof masu lamba 7000 ne ke da tarko, don lamba ta uku ce ke nuna ainihin fasalin: 7840HS sabon fasali ne, 7520U kuwa tsohon fasali ne da aka sa wa sabuwar riga.

Intel ko AMD?

Duk biyun suna ɗaukar waɗannan manhajoji ba matsala, kuma a zubi ɗaya bambancin saurin ƙwaya ɗaya tsakaninsu bai kai a yi musu a kansa ba. Abin lura biyu ne. Na farko, manyan i7 da i9 na Intel suna shan wuta sosai in an matsa musu, i9-14900K tana kaiwa wat 253, kuma wannan zafi ne da sai an fitar da shi daga akwati. Na biyu, a 2024 Intel ta amince cewa furosesoshinta na tebur na zubi na 13 da 14 suna da matsalar wutar da ta wuce kima, wadda kan lalata su sannu a hankali har manhaja ta riƙa rufewa da kanta. Ta fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, ta kuma ƙara shekara biyu a garanti. Gyaran yana hana lalacewa, amma ba ya warkar da wadda ta riga ta taɓu. Don haka sabuwa ce ka saya, sabunta BIOS ranar farko. Ta hannu ce daga waɗannan zubi biyu, musamman mai K, kada ka biya sai an gwada ta gwaji mai tsawo a gabanka.

RAM nawa zai ishe ni?

Ya danganta da girman fayilolinka da kuma abin da kake buɗewa tare, kuma mutane sun fi yin kuskure a na biyun. Ba wanda ke buɗe Revit shi kaɗai. Akwai AutoCAD a gefe da zanen safiyo, ga PDF na ƙa'idojin hukumar kula da gine-gine ta birnin tarayya, ga Chrome da shafuka ashirin, ga WhatsApp inda mai gida ke turo gyare-gyare. Windows da waɗannan kaɗai kan ci 6 zuwa 8 GB kafin a taɓa zane.

Ga Revit akwai tsohon ma'auni da ake amfani da shi: fayil kan buɗe ya ninka girmansa kusan sau 20 a cikin RAM. Fayil mai 300 MB zai nemi wajen 6 GB, mai 600 MB wajen 12 GB. Sai ka ƙara duk fayilolin da aka jingina masa, na injiniyan ƙarfe da na masu wuta da famfo, don su ma buɗe su ake yi. Jadawalin Autodesk na fitowar baya-bayan nan ya tafi a kan haka: 16 GB ga modal da bai wuce kusan 300 MB ba, 32 GB zuwa kusan 600 MB, 64 GB zuwa kusan 1 GB. Ga AutoCAD, 8 GB ne mafi ƙanƙanta, 32 GB ake ba da shawara. SolidWorks daga 16 GB yake farawa.

A aikace, ɗalibi ko mai zanen gidajen kwana na 2D, irin bangalo da dufules na Lugbe da Kubwa, 16 GB za ta riƙe shi. Ofishin da ke yin rukunin gidaje ko bene mai hawa biyar zuwa goma a Revit ko ArchiCAD, 32 GB ne wurin zama, kuma nan muke ganin yawancin masu karanta wannan shafi suka faɗa. Mai Civil 3D da doguwar hanya, ko mai aiki da miliyoyin ɗigogin da na'urar leza ko jirgi ya ɗauko, ko mai haɗa inji mai sassa dubbai, ya fara daga 64 GB. Takwas kuwa, a yau, ta buɗe manhaja ce kawai.

RAM da ya wuce buƙata ba ya ƙara sauri ko kaɗan. Wanda aikinsa ke cin 20 GB, da 32 da 128 duk ɗaya ne a wurinsa. Tun da farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a duniya daga ƙarshen 2025, hikimar ita ce ka sayi abin da ma'aunin Task Manager ya nuna maka da ɗan rara, ka tabbatar injin yana da hanyar ƙari nan gaba.

Sandar RAM ɗaya mai 32 GB ko biyu masu 16?

Biyu. Furosesoshin Core da Ryzen suna da hanya biyu zuwa RAM, sanda ɗaya kuwa hanya ɗaya take buɗewa. DDR4-3200 tana ɗaukar 25.6 GB a daƙiƙa a hanya ɗaya, biyu su ba ka 51.2. A madabod (babban farantin da furosesa da RAM ke zaune a kai) mai gurbi huɗu, yawanci gurbi na biyu da na huɗu daga wajen furosesa ake fara cikawa, waɗanda aka rubuta wa A2 da B2. In ka jera su kusa da juna a na ɗaya da na biyu, ka koma hanya ɗaya ba ka sani ba. Littafin madabod ɗin ne alƙali.

Cika gurbi huɗu da DDR5 kuma yana da nasa haraji. A Ryzen 7000, gudun da AMD ta lamunce wa sanda biyu 5200 ne, da huɗu kuwa ya sauka zuwa 3600. Shi ya sa mai son 64 GB ya fi kyau ya sayi biyu masu 32, mai son 96 ya sayi biyu masu 48. Haɗa sanduna daban-daban yakan yi aiki, amma duka za su sauka zuwa gudun mafi rauni, wani lokaci kuma injin ya riƙa faɗuwa jefi-jefi ba tare da an gane dalili ba.

DDR4 ko DDR5? Kuma gudun RAM yana da tasiri?

Ba kai ke zaɓa ba, madabod ne. Tsagar da ke ƙasan sandar ba wuri ɗaya take ba, don haka ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya, kada a danna da ƙarfi. Ryzen 5000 DDR4 ce, Ryzen 7000 da 9000 da Core Ultra 200 na tebur DDR5 kaɗai, Intel zubi na 12 zuwa 14 kuwa ana samun madabod na kowanne. A zane da modal, bambancin gudu ɗan kaɗan ne, yawan RAM ya fi shi muhimmanci nesa. In kana son kwatanta jinkirin sanduna biyu, ninka lambar CL da aka rubuta wa sandar da 2000 ka raba da gudun: DDR4-3200 CL16 da DDR5-6000 CL30 duk nanosakan 10 suke bayarwa. Sandar da aka rubuta wa 6000 ba za ta yi wannan gudun ba sai an kunna XMP ko EXPO a BIOS, kuma injinan HP da Dell da Lenovo na ofis galibi ba su da wannan zaɓi, saboda haka sayen mai tsadar a kansu asara ce.

Ana cewa sai da RAM mai ECC. Gaskiya ne?

ECC yana gano kuskuren ɗigo ɗaya a cikin bayanai ya gyara shi kafin ya yi ɓarna. Ga injin da zai kwana biyu yana lissafin gwaji, ko uwar garken da fayilolin ofis duka ke kanta, ya cancanci kuɗinsa. Ga mai zane da ke adana aikinsa a kai a kai, ba dole ba ne, kuma ba ya ƙara sauri. Sai furosesa da madabod duka sun yarda da shi yake aiki: Xeon da Threadripper Pro, ko Core a kan madabod mai W680, ko Ryzen a kan madabod da ya faɗi haka ƙarara. Abin da ake rubutawa a kwalin DDR5 na gama-gari cewa akwai ECC a cikin guntayen ma'ajin da ke jikin sandar wani abu ne daban, bai kai wannan ba.

Tokumbo irin HP Z440 da Dell Precision T5810 sun cika kasuwa da araha. In saya?

Injina ne masu ƙwari, akwatinsu da wutarsu da fankokinsu an yi su don aiki dare da rana, RAM ɗinsu na hannu kuma ya fi sauƙin kuɗi. Z440 tana da gurbi takwas da hanya huɗu, don haka sanda huɗu ko takwas ake sa mata, ba biyu ba. In za ka saya don zane, nemi mai E5-1650 v4, ƙwaya shida a 3.6 GHz, ta fi masu ƙwaya da yawa da ƙaramin gudu dacewa. Masu furosesa biyu irin Z840 ba sa ƙara wa AutoCAD komai, kuma guraben RAM na furosesa ta biyu ba sa aiki in ba ta ciki.

Amma ga babbar matsalar: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga Intel zubi na takwas da Ryzen 2000 yake farawa, tare da guntun tsaro na TPM 2.0. Xeon E5 v3 da v4 ba sa cikin jerin. Ana iya tursasa shi ya hau, amma ofishin da ke biyan lasisin manhaja duk shekara bai kamata ya kafa aikinsa a kan haka ba. In tokumbo za a saya, Z4 G4 ko Precision 5820 ko Z2 na zubi na takwas zuwa sama sun fi kwanciyar hankali.

Wurin ƙara musu RAM, karanta takardar da ke jikin sandar. Bayan lamba irin PC4-2400T akwai harafi: R na nufin mai rajista, irin na uwar garke da manyan Xeon, E mai ECC marar rajista, U na kwamfutar tebur ta gama-gari, S na laftof. Mai R ba ta tashi a madabod na Core ko Ryzen ko da ta shiga gurbin daidai, kuma ba a haɗa R da U a inji ɗaya. Yawancin "na sayo RAM a kasuwar Banex ya ƙi aiki" daga wannan harafi ɗaya yake, ba daga lalacewar kaya ba. Ɗauki hoton sandar da ke cikin injinka ka tafi da shi.

Ina yawan zuwa wurin gini, laftof nake so. Me zan duba?

Furosesa mai H ko HX, ko HS a AMD. Sannan ka tambaya ko RAM ɗin na cirewa ne ko an like shi a jikin madabod. Sirarran laftof da yawa an like musu, abin da ka saya da shi za ka rabu da ita. Irin su ZBook Fury, Precision na jerin 7000 da ThinkPad P16 suna da wurin ƙari. Ka kuma sani cewa laftof a kan batir tana rage gudunta da kanta. Cikakken ƙarfinta sai da cajarta ta asali, wadda a irin waɗannan kan kai wat 200 ko fiye. Cajar da ba ta kai ba tana sa injin ya ja da baya ko da an jona.

MacBook fa?

AutoCAD, ArchiCAD, SketchUp da Rhino suna da na Mac. Revit, Civil 3D da SolidWorks ba su da shi, kuma ba a ƙara wa sababbin Mac RAM bayan saye. Haka laftof na Windows masu Snapdragon: duba sharuɗɗan manhajarka tukuna, don da yawa ba su lamunce wa irin wannan furosesa ba.

Lumion yana tsalle-tsalle. In ƙara RAM?

Da wuya ya taimaka. Lumion, Enscape, Twinmotion da D5 Render a kan katin girafik suke rayuwa, kuma katin yana da nasa ma'ajin daban da RAM. Duba GPU a Task Manager. In nasa ma'ajin ya cika, kati mai 8 GB ko fiye ake nema. Mai SolidWorks kuma ya duba jerin katunan da kamfanin ya tantance, don wasu abubuwa kamar RealView a kansu kaɗai suke buɗewa.

Da safe tana gudu, da rana ta yi nauyi. Me ke faruwa?

Zafi ne. Furosesa tana kare kanta: in ta kai wajen digiri 100 a Intel, ko 95 a Ryzen 7000, sai ta rage gudu. A Abuja daga Fabrairu zuwa Afrilu rana kan haura digiri 35, kuma ɗakin da aka kashe wa na'urar sanyaya saboda janareta ba zai ɗauka ba, iskar da fanka ke ja ma mai zafi ce. Ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe haƙoran ƙarfen sanyaya tun Disamba. Sa manhajar HWiNFO ka duba zafin yayin aiki. In yana taɓa iyaka, a buɗe akwatin a hure shi da abin hura iska, a riƙe fankokin da yatsa kada su yi ta juyawa, a goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya a sa sabo kamar ƙwayar wake. Sau biyu a shekara, ɗaya a tsakiyar hunturu ɗaya a ƙarshensa, ya wadatar ga hurawa. Man kuwa duk shekara biyu zuwa uku. A ɗaga akwatin daga ƙasa, a bar masa tazara daga bango.

Wannan ne ma ya sa ba mu cika son i9 a ƙaramin akwati ba a garin nan. Furosesa mai wat 65 da ke riƙe gudunta yini guda ta fi wadda ke tashi sama minti biyu ta faɗo.

Ofishinmu a kan inbata yake rabin yini. Wannan ya shafi zaɓin?

Ƙwarai. Batir biyu masu 12V 200Ah suna ɗauke da 4,800 Wh a takarda. In na ruwa ne, rabi ake so a ci don su yi ƙarko, sai a cire asarar inbata, a tashi da kusan 2,000 Wh. Inji da allo masu jan wat 440 a rendarin za su cinye wannan cikin awa huɗu da rabi. Masu jan wat 150 za su haura awa 13. Ninka wat ɗin da yawan teburan ofis ka gani.

UPS kuma dole ne, ko da akwai inbata, saboda ɗan tsaikon sauya layi. A nemi mai fitar da tsabtatacciyar wuta irin ta layi, don akwatunan wutar manyan injina kan mutu ko su yi ƙara a kan masu araha. Lambar VA ba wat ba ce: yawancin masu 1500 VA wat 900 suke ɗauka. AutoCAD yana adana kwafi da kansa duk minti 10 in ba a sauya ba, Revit kuwa tunatarwa kawai yake yi, ba ya adanawa.

Wane gwaji zan yi a shago kafin in biya?

Tafi da filasha mai ɗauke da CPU-Z, HWiNFO, Cinebench da fayil ɗinka mafi nauyi. CPU-Z zai nuna ainihin sunan furosesa, yawan RAM, da ko hanya ɗaya yake tafiya ko biyu. Kada ka dogara da takardar da aka manna a jiki. Kunna Cinebench, manhajar da ke matsa wa furosesa aiki, na minti goma kana kallon zafi da gudu a HWiNFO: in gudun ya faɗi warwas bayan minti biyu, sanyayawar ba ta da lafiya. Shiga BIOS ka tabbatar ba a kulle shi da kalmar sirri ba, don injinan da suka fito daga kamfanonin waje wani lokaci da makullinsu suke zuwa. RAM kuwa manhajar MemTest86 ce ke tona shi, zagaye huɗu, kuma yana cin awanni, saboda haka a yi yarjejeniya a rubuce a kan rasit cewa za ka gwada a gida ka dawo da shi in ya nuna kuskure. Kuskure ko ɗaya ne, sandar ta tafi.

Na sa sabon RAM, fanka na juyawa amma allo baƙi ƙirin. Na ƙona wani abu ne?

Da wuya. In DDR5 ne, jira tukuna: a tashin farko madabod yana auna sandunan, kuma da RAM mai yawa hakan kan ɗauki mintuna, allo a rufe. In minti goma ta wuce shiru, kashe, zare wayar wuta, danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don ragowar wuta ta fita, taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa sandar, musamman da hunturu lokacin da jiki ke tara wutar da ke tartsatsi. Cire sandunan ka mayar da guda ɗaya a A2, ka danna gefe da gefe har maƙallin ya ce ƙas. Sandar da ba ta zauna sosai ba ita ce sanadin da ya fi yawa. In ta tashi, gwada ɗayar ita kaɗai, sannan ka haɗa su. In duk sun ƙi, cire ƙaramin batirin madabod na minti biyar don BIOS ya koma yadda ya zo, ka sake duba harafin nan na R ko U. Sanduna masu 24 da 48 GB kuma a tsofaffin madabod na DDR5 sai an sabunta BIOS da tsohon RAM a ciki kafin su karɓe su.